Makaho da Kurma a Zauren Jami'a: Matsalar Harshe da Rubutu

Gabatarwa

A ranar 23 ga Janairu, 2019, Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya. Dokar ta ce dukkan makarantun gwamnati, tun daga firamare har zuwa jami'a, tilas ne a tafiyar da su ta yadda naƙasasshe zai iya shiga ya yi karatu tare da kowa. Ta kuma ba da wa'adin shekara 5 domin a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, wa'adin da ya cika a watan Janairu na 2024. Wannan batu na gini shi ya fi ɗaukar hankalin mutane, watau matakala, da faɗin ƙofa, da gangaren da keken gurgu zai bi. Ba abin rainawa ba ne kuwa, domin ɗalibin da shan-inna ta taɓa, wanda aka sa masa lacca a hawa na uku, ya san zafin abin. Amma akwai wani sashe na dokar da ba a cika ambatonsa ba, inda aka ce rubutun makafi da maganar hannu su shiga cikin manhajar karatu a kowane mataki, har da na ilmi mai zurfi.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba abin da ke ƙarƙashin wannan sashe. Ilmin jami'a ta hanya biyu yake isa ga ɗalibi, ko dai ta muryar malami a ɗakin lacca, ko kuwa ta shafin littafi. Kurma ba ya samun ta farko, makaho ba ya samun ta biyu. Gurgu in ya samu ya hau benen, laccar da kowa ya ji ita zai ji, littafin da kowa ya buɗa shi zai buɗa. Makaho da kurma kuwa suna iya zama a sahun gaba shekara huɗu cur, alhali babban kaso na abin da aka koyar bai isa gare su ba. Ashe ke nan matsalarsu ta harshe ce da rubutu, don haka ta shafi masu nazarin harshe kai tsaye.

Sunaye

Hausa ta gargajiya tana kiran kowace lalura da sunanta: makaho, kurma, bebe, gurgu, kuturu. Har ma ta bambanta kurma da bebe. Kurma shi ne wanda ba ya ji, ko da kuwa yana magana. Bebe shi ne wanda ba ya magana da baki, galibi domin ya rasa ji tun kafin bakinsa ya buɗe. A fadojin ƙasar Hausa akwai sarautu irin su Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, abin da ke nuna cewa al'umma ta san kowane rukuni da damuwarsa. A 'yan shekarun nan gidajen rediyo da ofisoshin gwamnati sun fi son a ce “masu buƙata ta musamman”, gudun cin fuska. Niyyar kyakkyawa ce, amma lafazin yana da aibi guda, domin yana cusa mutanen da buƙatunsu suka sha bamban cikin buhu ɗaya. Jami'ar da ta gina gangare a ƙofar laburare tana iya rubutawa a rahotonta cewa ta kula da masu buƙata ta musamman, makaho kuwa bai ƙaru da komai ba. Saboda haka tsofaffin sunayen za a yi aiki da su a nan, ba da nufin raini ba.

Makaho: daga karatun kunne zuwa karatun shafi

A makarantun zaure na ƙasar Hausa karatu ta kunne yake shiga. Malami ya karanta matani ya fassara, ɗalibi ya bi, sa'an nan hadda ita ce ma'auni. A irin wannan tsari makaho yana da gurbinsa, har yakan yi fice. Alhaji Aliyu Namangi na Zariya ya makance tun yana ƙarami, amma ya yi karatun addini, ya kuma tsara Waƙar Infiraji, wadda ake nazari a sassan Hausa na jami'o'i, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. A ƙasar Masar, Ɗaha Husain, wanda shi ma ya makance a yarinta, ya fara karatu a Azhar, ya sami digirin dakta a jami'ar da yanzu ake kira Jami'ar Alƙahira a 1914 da nazari a kan Abul Ala'il Ma'arri, wani makahon mawaƙi, daga baya ya zama ministan ilmi a 1950.

Ilmin boko ya zo da wani ma'auni dabam: allo da alli, littafi, da jarrabawar da ake rubutawa cikin ƙayyadadden lokaci. Abin da mutum ya haddace ba ya zame masa maki sai ya sa shi a takarda. Wannan sauyi shi ya mai da makaho baya, kuma gadar da aka gina masa ita ce rubutun Braille. Louis Braille Bafaranshe ne, an haife shi a 1809, ya makance yana yaro, ya buga tsarinsa a 1829. Ginshiƙin tsarin shi ne ɗan gida mai ɗigo 6, uku a hagu uku a dama, waɗanda ake tayarwa a jikin takarda mai kauri domin yatsa ya taɓa. Idan aka jujjuya ɗigon nan shida ana samun alamomi 63. Mai rubutu da allon ƙarfe da tsinke yana huda takardar ta baya, daga dama zuwa hagu, sa'an nan ya juya ta ya karanta daga hagu zuwa dama. Keken rubutu na Perkins, wanda ya fito a 1951, ya sauƙaƙa aikin, sai dai yana da nauyi da ƙara da tsada.

A Arewacin Nijeriya 'yan mishan ne suka buɗe makarantar makafi ta Gindiri a 1953, kuma kamar sauran makarantun mishan na lokacin, iyaye Musulmi da dama ba su saki jiki da ita ba. Shekarar 1977 ita ce gwamnati ta sa hannu sosai. A cikinta aka fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa mai ɗauke da babi a kan ilmin naƙasassu, aka kafa kwalejin horon malamai ta musamman a Oyo, aka kuma buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano.

To, a jami'a rubutun Braille yana gamuwa da cikas iri biyu. Na farko shi ne girma. Shafi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da layi 25 ko kusa da haka, kowane layi kuma gida 40, don haka littafi guda na bugun masu ido yakan koma mujalladai da yawa. Na biyu shi ne ƙarancin alamomi. Tun da 63 ne kacal, dole a riƙa aron alama ɗaya ta yi aiki biyu. Alal misali, lambobi ba su da nasu siffofi, haruffa goma na farko ake sa wa wata alama a gaba su zama lambobi. Lissafi mai zurfi kuwa sai da Abraham Nemeth, wani makahon masanin lissafi a Amurka, ya tsara masa ƙa'ida ta dabam a 1952. Inda babu malamin da ya san irin wannan ƙa'ida tun a sakandare, makaho ya rabu da kimiyya ke nan tun kafin ya cika takardar neman shiga jami'a.

Ɗalibin Hausa yana da tasa damuwar. Haruffa masu ƙugiya an ba su gidajensu a Braille, wannan ba matsala ba ce. Amma a darasin tsarin sauti malami yana ɗora alamun karin sauti da tsawon wasali a kan kalma, domin a bambance gari na mutane da gari na tuwo, ko fari na launi da fari na rashin ruwa. A ginin jimla kuma yana zana bishiya mai rassa. Abin lura shi ne, a wajen karin sauti kunne ne alƙali, kuma makaho bai gaza kowa a nan ba. Abin da ke cutarsa shi ne al'adar malami ta yin magana da alli a hannu: “ku dubi wannan, ku kwatanta shi da wancan, sai wannan ya dawo nan.” Kalmomin nuni ba su da ma'ana sai ga wanda ya ga abin da aka nuna. Malamin da ya saba faɗin abin da yake rubutawa, ya ce “wasalin ƙarshe mai karin ƙasa” maimakon “wannan”, ya warware babban ɓangare na matsalar ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Kwamfuta ta zo da sauƙi mai yawa. Akwai manhajojin da ke karanta wa makaho abin da ke kan allo da murya, irin su JAWS, da kuma NVDA wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya suka gina, ake kuma rabawa kyauta tun 2006. Sai dai manhajar haruffa take karantawa, ba ta ganin hoto. Takardar lacca da aka yi wa hoton kwafi sau biyar, aka ɗauka da waya aka tura wa 'yan aji, shafi ne wayam a wurinta. Idan kuma muryar Turanci aka ba rubutun Hausa, da lafazin Turanci za ta karanta shi. Akwai ma wani cikas wanda duk mai buga kundi a sashen Hausa ya sani, ko da bai taɓa danganta shi da makafi ba. Tsofaffin zubin haruffa irin su Rabi'at da Abdalla sun yi wa Hausa aiki babba a zamanin da kwamfuta ba ta san ƙugiya ba. Dabararsu ita ce aron gurbin wasu alamomi, kamar baka-biyu, a zana harafi mai ƙugiya a kai. Ido yana ganin ƙasa da ɗaya, amma abin da ke ajiye a cikin kwamfutar shi ne }asa da ]aya, kuma shi manhajar za ta karanta wa makaho. Kundaye da mujallu masu yawa na nazarin Hausa a wannan siga suke ajiye. Mayar da su zuwa haruffan Unicode aiki ne mai sauƙi, in an ga dama.

Ta fuskar doka kuwa an share hanya. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2017, da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, sun halatta a juya littafi zuwa sigar da makaho zai iya karantawa ba tare da jiran izinin mai shi ba. Haka kuma Hukumar JAMB, bayan ta mai da jarrabawarta ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ta kafa wani kwamiti a 2017 a ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, wanda ke shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na musamman, har da Kano. Ƙofar shiga ke nan ta faɗaɗa. Abin da ke bayan ƙofar an bar wa kowace jami'a ta yi yadda ta iya.

Kurma: ɗalibi mai harshe huɗu

Al'amarin kurma ya fi wuyar ganewa, domin lalurarsa ba ta bayyana a ido. Ƙasar Hausa tana cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa, kamar annobar 1996, kuma sanƙarau da ƙyanda suna cikin manyan abubuwan da ke kurumtar da yara. Yaron da ya kurumce yana da shekara takwas ya riga ya iya Hausa, ya san mene ne sauti. Wanda aka haifa da kurumta, ko ya same shi a goye, bai taɓa jin kowane harshe ba. Waɗannan biyu suna ɗauke da suna ɗaya a rajistar jami'a, amma tafiyarsu ba ɗaya ba ce.

An daɗe a duniya ana ɗaukar maganar hannu a matsayin kwaikwayo kawai. Taron malaman kurame da aka yi a Milan ta ƙasar Italiya a 1880 ya yanke shawarar a fifita koyar da magana da baki da karatun leɓe, kuma makarantu da yawa sun hana yara ɗaga hannu na tsawon shekaru. Sai a 1960 William Stokoe ya nuna cewa maganar hannun kuramen Amurka cikakken harshe ce, kowace alama tana rarrabuwa zuwa siffar hannu, da wurin da aka yi ta, da motsi, kamar yadda kalma ke rarrabuwa zuwa baƙi da wasali. Daga baya masana suka ƙara da fuskantar tafin hannu, da aikin fuska da gira, waɗanda ke ɗaukar nauyin tambaya da korewa da makamantansu. Aka kuma gane cewa harsunan hannu suna da yawa, kurman Ingila da na Amurka ba sa fahimtar juna kai tsaye, ko da yake masu ji na ƙasashen biyu Turanci suke yi.

Harshen hannun da ake koyarwa a makarantun Nijeriya daga Amurka ya samo asali. Andrew Foster, baƙar fata na farko da ya sami digiri a kwalejin kurame ta Gallaudet a 1954, shi kansa kurma, ya buɗe makaranta a Gana a 1957, ya buɗe wata a Ibadan a 1960. Malaman da suka fito ta hannunsa da na almajiransa su suka yaɗa alamun Amurka, waɗanda suka gauraya da na gida suka zama abin da ake kira harshen hannu na Nijeriya. A cikin aji kuma sau da yawa akan jera alamun bisa tsarin jimlar Turanci.

Amma ba a iske ƙasar Hausa fayau ba. Bebayen Kano da sauran garuruwa suna da harshensu, Maganar Hannu, wanda ba a makaranta ake koyonsa ba, a kasuwa ne da dandali da majalisar bebaye, daga manya zuwa yara. Constanze Schmaling, wata Bajamushiya masaniyar harshe da ta yi bincike a Kano, ta buga cikakken nazari a kansa a 2000. Harshen yana da nahawunsa, ba Hausa ce aka ɗora a kan yatsu ba, ko da yake ya ɗebi alamu da yawa daga ishara irin ta Hausawa masu ji, kuma al'adun Hausawa sun cika shi. Wannan kusanci ne ya sa Bahaushe mai ji ba ya shakkar yin ciniki da bebe a kasuwa.

Sai mai karatu ya auna kayan da ɗalibi bebe daga Kano ke ɗauke da su ranar da ya shiga jami'a. Da Maganar Hannu ya tashi. A makaranta an koyar da shi da alamun da suka fito daga Amurka. Jarrabawa da Turanci yake rubuta ta, harshen da bai taɓa jin sautinsa ba, ya koye shi da ido kurum. Hausa kuwa, harshen iyayensa, yana iya zama ita ce ya fi rauni a rubutunta. Malamin da ke duba takardarsa yakan ga jimloli sun karkace, ƙananan kalmomi sun zube, sai ya yanke masa hukuncin daƙiƙanci, alhali abin da ke gabansa tasirin harshe ne a kan harshe, irin wanda ake koyarwa a darasin fassara.

Maganin da aka sani shi ne tafinta, kuma wasu jami'o'i sun yi ƙoƙari. Jami'ar Ilorin tana da cibiya ta musamman mai tallafa wa ɗalibai kurame, jami'o'in Ibadan da Jos da Bayero kuma suna da sassan ilmin naƙasassu. To, amma inda tafintoci suke a sashe ɗaya tak, can ɗin ake karkata kurame, wanda ke son lauya ko kimiyyar haɗa magunguna sai ya tarar da kansa yana karanta ilmin koyar da kurame. Aikin tafinta kuma yana da iyakarsa. A ƙasashen da sana'ar ta kafu, mutum biyu ne ke karɓeɓeniya a doguwar lacca, kowane ya yi kamar minti ashirin ko talatin ya huta, domin gajiya tana rage ingancin fassara. Tafintan da aka bar wa laccar sa'a biyu shi kaɗai, a fannin da bai karanta ba, dole ya riƙa harhaɗa keɓaɓɓun kalmomi harafi-harafi da yatsu, kafin ya gama ɗaya malami ya wuce uku. Haruffan yatsun nan ma a kan baƙaƙen Turanci 26 aka gina su, don haka ɓ da ɗ da ƙ sai an yi musu dabara. Sa'an nan ɗalibi mai ji yana saurare yana rubutu a lokaci guda, kurma kuwa ido ɗaya ne aikin biyu, in ya sunkuya ya rubuta, ya rasa abin da tafinta ya faɗa. Balle kuma a zo ga ilmin da ake samu a wajen aji, a muhawarar ɗakin kwana da bitar dare kafin jarrabawa, inda babu tafinta ko kaɗan.

A Amurka an bi wata hanya, aka yi jami'a sukutum ta kurame, watau Gallaudet, wadda aka ba izinin ba da digiri tun 1864. Duk da haka sai a 1988, bayan ɗalibai sun rufe makarantar da zanga-zanga, aka naɗa kurma na farko, I. King Jordan, ya shugabance ta. Dokar Nijeriya ta 2019 dai hanyar cuɗanya ta zaɓa, a karantar da kowa a aji ɗaya, kuma wannan hanya ba ta tafiya sai harshen hannu ya sami kalmomin da zai ɗauki ilmin jami'a.

Nan ne aikin ya dawo kan sassan harsuna. Hausa da kanta ta bi wannan mataki. Kafin a iya koyar da nahawu da adabi da Hausa a jami'a sai da malamai suka zauna suka ƙirƙiro kalmomi, aikin da ya kai ga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka buga a 1990. Waɗanda suka gaji wannan ƙwarewa su suka fi kowa sanin yadda ake yi wa harshe irin wannan hidima. Akwai kuma tambayoyin da ba a taɓa ba. Mene ne amsa-amo ga wanda bai taɓa jin sauti ba? Masu nazarin waƙoƙin kurame a wasu ƙasashe sun nuna cewa maimaita siffar hannu ɗaya a alamu daban-daban yana yin aikin da ya yi kama da na amsa-amo, kuma ya kamata a bincika ko haka abin yake a labarai da barkwancin bebayen ƙasar Hausa.

Lokaci kuwa ba ya jira, domin matasan da suka bi ta makaranta suna gauraya alamun Amurka a cikin maganarsu, dattawan da ke yin Maganar Hannu tsantsa kuma suna raguwa. Harshen hannu ba ya kamuwa a rikoda, sai da bidiyo, kuma bayanin abin da aka ɗauka yana bukatar wanda ya san harshen tun daga goyo. Wanda ya fi dacewa da wannan bincike, har ya rubuta kundin digiri na biyu ko na uku a kai, shi ne beben da ya tashi da harshen. Kafin ya kai can, sharaɗin shiga digirin farko a kowane fanni yana neman ya kawo kiredit a Turanci.